Tebur Tara, Wata Tara

Tun yana firamare ake kiransa Ƙamus, don ba a taɓa furta wata kalma a gabansa ya ce bai san ta ba. In ya san ma'anarta ya faɗa. In bai sani ba ya faɗa da ƙarfi. Yanzu shekararsa arba'in da ɗaya, yana da mata da 'ya'ya uku da kujera mai juyawa a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin masauki mai ɗaki goma sha huɗu. Masaukin na yayarsa ne, wadda kowa a layin yake kira Yaya, har waɗanda suka girme ta. Ita ta raine shi, ita ta ba shi aikin, ita kaɗai ce kuma take ce masa Auta.

Wata Asabar da hantsi Yaya ta fito daga ofishinta da takarda a hannu, tana murna tana fargaba. Wani kamfanin haɗa wutar sola ne zai kawo ma'aikata goma sha biyu su yi wata shida a garin. Kafin nan shugabarsu, wata injiniya, za ta zo da mijinta su kwana uku ta ga wurin. In ya yi mata, ɗakuna sun cika. In bai yi ba, sai su wuce sabon otal ɗin nan mai gilasai na bakin babban titi, wanda tun da aka buɗe shi rabin ɗakunan Yaya ba mai kwana a ciki sai gizo-gizo.

Ta ce, "An ce yarensu Sifaniyanci. Matar tana jin Turanci, mijin kuwa ko ɗigo. Zan roƙi matarka ta ɗauki hutun kwana biyu ta zo ta tsaya mana."

Ƙamus ya juya kujerarsa a hankali. "Yaya, ina zaune a nan da raina da lafiyata za ki je ɗauko malamar firamare?"

"Yaushe ka iya Sifaniyanci?"

"Ki ba ni kwana goma."

"Ranar Talata za su zo."

"To ki ba ni kwana uku. Na rage miki."

"Auta, abincinmu ne fa."

"Shi ya sa ba zan bar shi a hannun kowa ba."

A ranar ya sauke wata manhajar koyon harshe a wayarsa. Kafin la'asar ya iya gaisuwa da godiya, ya iya ƙirga daga ɗaya zuwa goma, ya san ruwa agua ne, tebur mesa ne, abu mai zafi caliente. Washegari kuwa ya yi babban gano. Ya lura abin da Bature yake ce wa problem su problema suke cewa. Music kuma música. Telephone, teléfono. Ya ajiye wayar ya yi tagumi, sannan ya tuntsire da dariya shi kaɗai, har wani baƙo da ya zo tambayar ɗaki ya fasa.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a falo ta baje littattafan 'yan aji biyar tana dubawa da jan biro. Turanci take koyarwa, shekara goma sha biyar ke nan.

Ya ce, "Malama, na gama."

"Ka gama me?"

"Sifaniyanci. Ashe Turanci ne aka ɗaura wa wutsiya. Ki ɗauko kalmar Bature, ki liƙa mata 'a' ko 'o' a gindi, shi ke nan. Mutane suna can suna ɓata shekara huɗu a jami'a."

Ba ta ɗago ba. "To yaya ake cewa 'ban gane ba' da yaren?"

"Wannan ba na buƙatarta."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, rubutun da zai kai wa mai fenti ya zana a ƙyalle a rataya a ƙofar masauki. Ya ce, "Borrow me your biro, in gyara wani harafi."

"Lend za ka ce. Mai karɓa shi ne yake borrow, mai bayarwa yana lend."

"Da lend da borrow ai biro ɗaya ne yake tafiya. Miƙo."

Ta miƙa, ta leƙa takardar. Ya rubuta: Welcome to our notorious guest house. Ta ajiye littafin da ke hannunta.

"Maigida, famous kake nufi."

"Ma'anarsu ɗaya. Wanda aka sani."

"Famous wanda aka sani da abin kirki. Notorious wanda ya yi ƙaurin suna, kamar ɓarawon awakin unguwa."

"Wannan bambancin na aji ne, don a kayar da yara a jarrabawa. Famous harafi shida ne kacal. Ƙyallen yadi huɗu ne, me zai cika shi?"

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma kan jan bironta.

Ranar Talata da yamma mota ta tsaya a ƙofar masauki. Tela ya bar kekensa, mai aski ya fito da almakashi a hannu, mai kemis ya leƙo ta tagar shagonsa, don kwana uku Ƙamus yana bin su shago-shago yana gaishe su da Sifaniyanci, ya kuma ce su fito su ga yadda ake magana da duniya. Shi kuwa yana tsaye ƙarƙashin ƙyallensa cikin kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta na tsakiya yake neman agaji.

Injiniya ta fito, gajeruwar mace mai kazar-kazar da furfura kaɗan a goshi. Mijinta ya biyo ta, dogo siriri, hanci ja-wur, hankici a hannu. Kafin ya taka dakali ya yi atishawa uku. Nan take 'yan layin suka raɗa masa Dogo.

Injiniya ta karanta ƙyallen, ta sake karantawa. Ta tambaya da Turanci, a kan me gidan ya yi ƙaurin suna?

"For everything, madam," in ji Ƙamus, wato a kan komai da komai.

Bai bar ta ta farfaɗo ba ya dafa ƙirji ya saki jimlar da ya kwana yana haddacewa, cewa shi yana jin Sifaniyanci tsaf. Fuskar matar ta washe. Ta ɗaga hannu sama kamar wadda aka sauke wa kaya, ta kwararo masa magana ba waƙafi ba aya, ta nuna mijinta, ta nuna jaka, ta nuna agogo. Ƙamus yana gyaɗa kai yana "sí, sí, sí," zufa tana bin bayan kunnensa.

Yaya ta matso. "Me ta ce?"

"Ta ce gidan ya yi kyau."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Yaren ne yake da ɓarnar kalmomi."

Ya ɗauki minti goma yana neman makullin ɗaki na biyar, wanda yake cikin aljihun kwat ɗinsa. Da ya ga matar ta fara hamma, sai ya ga ya dace ya nuna mata ya lura ta gaji da jira. Ya russuna ya ce, "Sorry, madam. You are very boring." Da bored ya ce, da ya tausaya mata. Da ya ce boring kuwa, ya gaya mata ita ce mai gundurar mutane. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta karɓi makulli, ta miƙa wa mai wanki kayan da take so a wanke mata, ta haye sama. Garin sauri ta manta jakar takardunta a kan teburinsa. Ƙamus ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Ba a yi rabin awa ba wayar teburin ta yi ƙara. Injiniya ce, da yarenta. Cikin ruwan maganar ya cafko kalma uku: constipado, sopa, caliente. Ya ajiye waya ya cire musu wutsiya ɗaya bayan ɗaya. Constipado ya zama constipated, mai cushewar ciki. Sopa ya zama soap, sabulu. Caliente kuwa dama ya san shi. Abin da baiwar Allah ta ce shi ne mijinta yana mura, a taimaka masa da romo mai zafi.

Ya faɗa kicin. Kuku, wadda ta shekara ashirin a gaban murhun gidan kuma ba ta taɓa yarda da maganarsa ko sau ɗaya ba, tana yanka albasa.

"Ɗora ruwa. Sabulu mai zafi suke so."

"Sabulu me?"

"Mai zafi. Mijin ne cikinsa ya cushe."

"Mutumin da yake atishawa tun daga bakin ƙofa?"

"Abin ne ya rasa hanyar ƙasa ya biyo ta sama."

Kuku ta dube shi, ta dubi wuƙar hannunta, ta ajiye ta don gudun shaiɗan. Ta zuba tafasasshen ruwa a kwanon tangaran, ta jefa sabulun wanka sabo fil a ciki. "In sa musu cokali, ranka ya daɗe?"

"Sa biyu."

Ya hau da tire yana tafiyar ma'aikatan manyan otal. Injiniya ta buɗe ƙofa, ta ga kwano yana tururi, sabulu yana iyo. Ta shinshina. Ta dubi mijinta, ya dube ta. Suka yanke a ransu cewa wataƙila haka ake yi a nan kafin a kawo abinci. Suka jira ruwan ya huce, suka wanke hannu tas, ta ce gracias. Suka zauna a bakin gado da tsabtatattun hannuwa suna jiran romo.

Ƙamus ya sauko da kwanon kumfa ya dire a gaban Kuku. "Sun yi amfani da shi. Har godiya ta yi."

Da magariba ta kawo jiki, Kuku ta gaji da jin atishawar Dogo tana ratsa silin. Ba ta tambayi kowa ba ta dafa romon kaza da citta ta kai da kanta. Aka dawo da kwano kamar an lashe. Ƙamus ya ce wa Yaya dama shi ya tsara a yi abin daki-daki.

Washegari da sassafe ya tsallaka shagon mai kemis, inda mutum huɗu suke layi. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya. "Ba ni maganin wankin ciki, wanda ya fi kowanne ƙarfi. Baƙonmu ne, kwana da kwanaki ba labari."

Mai kemis ya ce, "Ka tabbata? Ni mura na gani a fuskarsa."

"Kai fuska ka gani. Ni da bakin matarsa na ji, da yarensu."

Ya kai wa Dogo ƙwaya biyu tare da shayin safe, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Constipado," ya nuna maganin ya ɗaga babban yatsa. Dogo ya ji daɗi ƙwarai da aka kula da murarsa. Ya haɗiye duka biyun, har ya dafa kafaɗar Ƙamus.

Wajen ƙarfe goma waya ta sake ƙara. Injiniya tana da ganawa da mutanen kamfani, ga shi Yaya ta shirya mata liyafar rana a tsakar gida. Wannan karon kalma biyu ya kama: ropa da carpeta. Bai ko yi tunani ba. Rope, igiya. Carpet, kafet. A yarensu kuwa ropa tufafi ne, carpeta jakar takardu, wadda a lokacin kofin shayi na uku yake zaune a kanta.

Igiya ɗaya ce mai kyau a gidan, ita ce ta shanya a bayan gida. Mai wanki ta tafi sayo sitaci. Ƙamus ya ari almakashin mai aski ya datse igiyar daga wannan bango, ya datse daga wancan, ya fizgo ta. Kayan da ke kai suka zube a inda ruwan wanki yake kwanciya. Bai tsaya duba na wane ne ba. Ya dawo ya nannaɗe kafet ɗin ɗakin karɓar baƙi, ya ga ya fi ƙarfinsa, ya kira mai aski ya kama masa.

Suna tsakiyar bene suna nishi mai aski ya ce, "Ƙamus, tsaya. Igiya da kafet ta ce?"

"Haka ta ce."

"Ina mijin? Tun safe ba a ji atishawarsa ba."

"Yana ciki."

"Ni dai a fim, in mace ta nemi igiya da kafet, miji ba ya fitowa da ƙafarsa."

Ya saki nasa gefen ya sauka da gudu. Kafin Ƙamus ya ja kafet ya kai ƙofar ɗaki na biyar, labari ya kai shagon tela, ya wuce gidan mai, ya dawo da ƙari. Dogo kuwa yana nan da ransa. Maganin ne ya fara aiki, ya kulle kansa a banɗaki yana kiran sunayen da ba wanda ya sani.

Injiniya ta buɗe ƙofa cikin rigar wanka. Ta ga mutum ya jiƙe sharkaf da zufa, igiya a wuya, kafet a ƙafa, yana murmushi. Ta rufe ido ta buɗe. Ta koma Turanci, tana rarraba kalmomin kamar mai magana da ɗan yaye: kayan sawarta take so, da jakar takardunta.

Ƙamus ya ce, "Ah!" Ya bayyana mata cewa bambancin karin harshe ne, shi na birni ya koya.

Jakar takardu ta samu, da zobba uku na shayi a bayanta. Kayan sawa kuwa, ihun mai wanki ne ya sanar da inda suke. Farar rigar Injiniya da siket ɗinta na ganawa suna kwance cikin caɓi, kaza ta bi ta kai ta bar sa hannu. Yaya ta zo ta tsaya a kansu. Sannan ta shiga ɗakinta ta ɗauko doguwar rigarta mafi kyau ta kai wa baƙuwar da hannunta. Yaya mace ce mai jiki, ga tsawo ga tumbi. Injiniya ta shige cikin rigar kamar an sa cokali a buhu, ta tattare ta da hannu ta tafi ganawarta a haka.

Ƙarfe biyu tsakar gida ta cika. Yaya ta gayyaci maƙwabta don baƙuwa ta ga gidan na mutane ne, waɗanda ba a gayyata ba kuma suka zo ganin ko da gaske an naɗe Dogo. Tebur takwas aka jera tun jiya, da safe Ƙamus ya ƙara ɗaya. A teburin gaba aka zaunar da mijin Yaya, tsohon ma'aikacin gidan waya mai shekara saba'in da biyu, wanda kowa ke kira Baba. Kunnensa ya yi nauyi, don haka duk abin da aka ce masa murmushi yake yi.

Injiniya ta dawo ta zauna, fuska ba yabo ba fallasa. Kujerar Dogo ba kowa. Yaya ta ja ƙaninta gefe ta riƙe masa hannun kwat.

"Ka tashi ka gaya mata kunya ta gama kashe ni a kan kayanta. Da Turanci, Auta. Ka ji ni? Da Turanci."

"Na ji."

Ta koma kicin ɗauko abinci. Ƙamus ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya dubi jama'a, ya ga tela, ya ga mai kemis, ya ga mutum kusan arba'in sun zuba masa ido. A ce duk wannan taron ya tashi bai ji Sifaniyanci daga bakinsa ba? Ya lalubo kalmar Bature ta jin kunya, embarrassed, ya ɗaura mata wutsiya.

Daidai lokacin Yaya ta fito da wani ƙaton tire na shinkafa da kaji, ta tokare shi da ciki tana tafiya da ƙyar. Ƙamus ya nuna ta da hannu biyu ya ce da murya mai daɗi, "Mi hermana está muy, muy embarazada."

Ya faɗi 'yar'uwarsa daidai. Ya faɗi ƙwarai da gaske daidai. Kalmar ƙarshe ce kawai ta ci amanarsa, don embarazada a yarensu mace mai juna biyu ce.

Injiniya ta yi ƙara ta miƙe, kujera ta faɗi. Ta tattare rigar aro ta ruga ta ƙwace tiren daga hannun Yaya ta dangwara wa tela a cinya. Ta jawo kujera ta zaunar da Yaya da ƙarfi, ta cusa mata matashi a baya, ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kan tumbinta, idonta ya kawo ruwa.

Yaya, mai shekara hamsin da uku da jika biyar, ta ƙame. "Auta, me ya sa take shafa min ciki?"

"Haka suke yi in sun yafe wa mutum."

Injiniya ta ɗago ta tambaye shi, "¿De cuántos meses?" Wata nawa ke nan. Shi kuwa mesas ya ji, jam'in tebur, kalmar da ya koya tun ranar farko. Daɗi ya kama shi, yau ga tambayar da ya san amsarta. Ya juya ya ƙirga tebura da yatsa a gaban kowa.

"Nueve!" Tara.

"¿Nueve?"

"Sí." Ya ƙara mata bayani da Turanci don kada ta raina ƙoƙarinsu. "Yesterday eight. Today nine."

Matar ta dafe kai. Ta fizge kofin shayin da ke gaban Yaya, ta kama ƙafafunta ta ɗora a kan wata kujera, ta zaro waya tana kiran direba ya kawo mota bakin ƙofa. Ta juyo ta ce, "¿Y el padre?" Ƙamus ya san padre uba ne. Uban gida take nema, ya nuna mata Baba. Ta je ta kama hannun tsohon da hannu biyu tana girgizawa, tana kallonsa da mamaki da girmamawa. Baba bai san dalili ba, amma ya gyara zaman hularsa.

Ana cikin haka Malama ta shigo daga makaranta, alli a gefen mayafinta, littattafai a hammata. Injiniya ta ji ta gaida wani da Turanci, ta yi kanta kamar ta ga 'yar'uwa. Ta riƙe ta tana magana da sauri tana nuna Ƙamus: wane irin ƙani ne wannan, yayarsa tana da cikin wata tara ya bar ta tana hawa bene tana ɗaukar tire? Haihuwa ko yau ko gobe!

Malama ta saki littattafan. Ta nemi kujera ta zauna, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Yaya ta ce, "Ke, me ta ce?"

"Yaya, mu shiga daga ciki."

"Ba inda za ni. Faɗi a nan, ni ba ni da abin ɓoyewa."

"Yaya, don Allah."

"Na ce ki faɗa!"

Malama ta share hawaye. "Ƙaninki ya gaya mata kina da ciki. Wata tara. Motar asibiti ce ake jira."

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin ƙarar firij daga kicin. Sai muryar mai aski daga teburin baya: "Allah ya raba lafiya!"

Wurin ya fashe. Tela ya ƙware da shinkafa, aka shiga bubbuga masa baya. Wata maƙwabciya ta zame daga kujera tana riƙe da ciki. Kuku ta fito bakin kicin da ludayi, ta jingina da bango tana cewa, "Na gode wa Allah da ya nuna min yau."

Ƙamus ya ɗaga hannu. "Jama'a, a tsaya. Kalmar tana da ma'ana biyu."

Malama ta ce, "Ɗaya ce."

"A karin harshen birni..."

Bai ƙarasa ba Dogo ya bayyana a gindin bene, yana bin bango, fuska fari fat. Masu cewa an naɗe shi suka ja da baya. Ya miƙa wa matarsa kwalin maganin. Ta karanta, ta miƙa wa Malama, Malama ta karanta ta dubi mijinta. Mai kemis ya tuna ya bar shago a buɗe, ya sulale.

Ƙamus ya ce, "Ita ta ce constipado! Kowa ya san constipated!"

Malama ta tambayi Injiniya, ta juyo. "Mura, Maigida. Mura yake yi."

"To ai ga shi ta tafi! Tun safe wa ya ji atishawarsa?"

Aka fassara wa Dogo ta bakin mutum biyu. Ya amsa a hankali, aka dawo da amsar ta bakin mutum biyu. Malama ta ce, "Ya ce murar tana nan. Tsoron yin atishawar yake."

Yaya ta sauke ƙafafunta daga kujera. Ta cire matashin ta ajiye. Ta miƙa hannu ba tare da ta waiwaya ba, Kuku ta sa mata ludayi a ciki.

"Auta, zo nan."

"Yaya, a gaban baƙi?"

"A gaban baƙi ka yi min ciki wata tara da bakinka. Zo nan."

Ya ja da baya, ta biyo shi. Ya zaga tebur na ɗaya, ta zaga. Mace mai nauyin haihuwa ko yau ko gobe ta bi ƙato ɗan shekara arba'in da ɗaya tsakanin tebura tana sauke masa ludayi a kafaɗa, Injiniya tana bin ta a baya tana roƙo ta bi a hankali, don har lokacin ba wanda ya tuna ya warware mata zancen. A zagaye na biyu ƙafarsa ta harɗe da ƙafar kujera, ya kama rigar tebur don ya tsira, ya tafi da ita gaba ɗaya. Ya zauna daɓas a ƙasa, kwanon miya ya kife masa a cinya, maɓallin kwat ya yi tsalle ya faɗa kofin Baba.

Sai a sannan Malama ta ja Injiniya gefe ta yi mata bayani tun daga sabulu. Matar ta saurara. Ta dubi Yaya tana haki da ludayi, ta dubi tebura, ta ƙirga su da ido. Da ta kai na tara sai ta zauna a ƙasa cikin rigar aro ta yi ta dariya har ta kasa numfashi.

Ranar da za su tafi Injiniya ta sa hannu a takardar kama ɗakuna. Ta ce ɗakunan suna da tsabta, romon Kuku ya fi na asibiti, kuma matar da za ta cire rigarta mafi kyau ta ba baƙuwa za ta iya riƙe mata ma'aikata. Sharaɗi ɗaya ta kafa, ta sa Malama ta rubuta shi da harshe biyu: mutumin nan kada ya yi wa ma'aikacinta ko ɗaya magana, da kowane yare. Yaya ta ɗauke Ƙamus daga kujera mai juyawa ta mayar da shi bayan gida kula da janareta da injin ruwa, inda ko ya yi magana ba mai ji.

Wanke sunan Yaya ne ya ɗauki lokaci. Sati biyu tana bayani a layi, a kasuwa, a waya. Babbar 'yarta ta kira daga wani gari tana kuka, wai me ya sa sai a bakin mutane za ta ji. Wata tsohuwar ƙawarta ta aiko da kayan jarirai, ba a san ko da gaske take ba ko tsiya ce.

Baba kuwa tun daga ranar ya daina fita da sanda. Kullum da hantsi zai sa hula ya zauna a benci a ƙofar mai aski. In wani ya matso ya ce, "Baba, ashe kuskuren fassara ne," sai ya kama kunne ya ce, "Ka ce me?" A maimaita masa sau uku, a ɗaga murya, ba ya ji. Amma in wani ɗan tsiya ya ce, "Baba, barka da arziki," ko daga tsallaken titi ne, ko mota tana wucewa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Barka kadai."